Namijin Dabinon Inna

Zaune take a gindin dogon dabinon, ta jingina da kaushin jikinsa, littattafan 'yan ajinta na kan cinyarta a rufe. Wai maki ta zo bayarwa. Amma tun da Malama Zulfa ta taso daga firamaren da take koyarwa a Takur ta zo nan, jan biro bai taɓa takarda ba. Idonta na can gabas, bayan shingen ƙaya, inda wata gona ta yi kore shar a tsakiyar rani.

Gonar Musaddiq ce.

Ko'ina a kewayen an girbe gero da dawa, ba abin da ya rage sai tushiya da awaki masu kiwo. Can kuwa mangwaro da gwaiba da lemo sun jeru, kankana na yaɗo a ƙarƙashinsu, ga akwatunan ƙudan zuma a gefe, ga ɗan tafkin siminti da tarwaɗa ke juyi a ciki. Siraran bututun roba sun bi ƙasa layi-layi daga wani tanki da aka ɗora a kan ƙarafa, kowace bishiya da 'yar hudar da ke ɗiga mata ruwa a gindi, ɗis, ɗis, daidai cikinta. In iska ta kwanta Zulfa takan rantse tana jiyo ɗigon daga inda take. Ba jin komai take ba, amma wa zai tsaya musu da kunnen mai so?

Ta lumshe ido. Nan da nan ta ga kanta a cikin gonar, ta shimfiɗa tabarma tsakanin layin dabinonsa, ta zuba kunun gyaɗa tana jira. Ga shi nan tafe da ƙarfen nan nasa mai agogo a ka, wanda yake cakawa a ƙasa ya gaya masa ko bishiya na jin ƙishirwa. Ta ji tana tsokanarsa wai ya zo ya auna tata ƙishirwar tukun. Har ta hango wata 'yar yarinya mai irin goshinsa tana bin bututun da rarrafe, tana tarar ɗigon a tafin hannu tana dariya.

"Ke 'yar nan, ido biyu ake mafarki yanzu?"

Ta yi firgigit. Gwaggo Zinariya ce, ƙanwar babanta, wadda ta riƙe ta tun bayan rasuwar Inna. Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci idon gari ya ƙara kaifi, budurwa ko malamar makaranta ce ba ta zuwa bayan gari ita kaɗai. Don haka duk zuwan Zulfa wurin nan sai Gwaggo ta biyo ta da ƙwarya, ta tsinki zogale, ta tsinki zance.

Gayaunar ta Inna ce. Ranar da aka ɗaura aurenta da Malam Ahmadu, baban Zulfa, aka shigar mata da dabinon da aka raba, ta ci guda ɗaya ta ƙulle ƙwallon a bakin zane, daga baya ta zo ta binne shi a nan. Shekaru ta yi tana ba shi ruwa da tulu. Da ya isa fure sai ga shi namiji, fure kawai yake yi, ba ya 'ya'ya. Aka yi ta yi mata dariya, aka ce a sare a huta. Inna ta ce a bar mata abinta, kowane bawa da ranarsa.

Ta rasu ranar ba ta zo ba. Da aka raba gado gayaunar ta faɗo rabon Zulfa, ita kuma duk wanda ya ce mata a sare, da kuka take amsa masa.

* * *

Buhun taki guda ne ya jefa su cikin wannan hali.

Da farko Malam Ahmadu bai ƙi Musaddiq ba. Yana dai gunaguni cewa mutumin da ya mayar da gonar geron ubansa lambu, ba shi da rumbu ko ɗaya, me zai ciyar da mace da shi, tunda dabino ba tuwo ba ne. Amma da ya ga Musaddiq maraya ne mai ƙwazo, ya dawo daga karatun noma bai tsaya neman kujerar ofis ba, sai zuciyarsa ta yi laushi. Ya aika masa da buhun takin zamani daga cikin nasa, kyauta, a lokacin da manoma ke bin layi su kwana ba su samu ba.

Shi kuma bawan Allah nan ya ɗauko buhun a kan babur, ya zo ya durƙusa har ƙasa, ya yi godiya, sannan ya ce a yi masa aikin gafara, gonarsa ba ta cin takin kanti. Kashin shanu da na kaji yake ruɓarwa da ganye, ƙwari kuma da jiƙon darbejiya yake korarsu. Wai gara ya dawo da shi a yi amfani da shi, da ya ajiye ya lalace.

A ƙofar gida aka yi, gaban dattawan unguwa.

Ba a mayar da hannun kyauta baya, ko yaro ya san wannan. Musaddiq ya san yawan ruwan da gwaiba ke sha, amma bai san abin da ya zuba wa zuciyar dattijo ranar nan ba.

Bayan an yi ta ban baki, Malam Ahmadu ya kira Zulfa ya ce, "Zulfa'u, ke ba yarinya ba ce, ba zan yi miki dole ba. Amma ni ne waliyyinki. Tunda ya raina takina, mu ga abin da nasa zai yi. In dabinon nan nasa ya yi 'ya'ya bana, na gani da idona, ya turo manyansa. In bai yi ba, ya bar mini ƙofar gida. Ga Alhaji Zailani nan ya daɗe yana sallama."

Alhaji Zailani dillalin taki ne da maganin feshi, mutumin Garki, mai farar mota da turare mai riga shi isowa. Zulfa yake so, kuma yana son gayaunarta, don tana bakin sabon titi, zai gina babban shago a kai. Abin da ya tsaya masa a wuya a duka biyun shi ne dabinon Inna.

* * *

"Ga mutumin naki can," in ji Gwaggo, ta taɓe baki. "Ki yi sauri, ni ba gadi na zo ba."

Zulfa ta gyara mayafi ta nufi shingen. Tun daga nesa ta san ba lafiya ba. Musaddiq da kullum yake tarar ta da gwaiba a aljihu da tsokana a baki, yau hannunsa wayam, idonsa ya faɗa, ƙafarsa duk ƙurar hanya.

"Mai gona, lafiya kuwa?"

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Malama, dabinona sun yi fure."

Ta dafe ƙirji. "Alhamdulillahi! To ai abin da muke ta roƙo ke nan."

"Sun yi sammakon bubuƙuwa, Zulfa." Ya juya ya nuna mata. Ƙananan dabinon ne, ba su fi tsayin mutum da rabi ba, kowace ta tsage kubenta, fararen silin fure sun leƙo. "Dukkansu mata ne, daga gindin uwa na ciro su don kar in yi caca da ƙwallo. Ruwan da nake ɗiga musu kullum ne ya sa suka riga na kowa. Macen dabino kuwa in ta buɗe, kwana kaɗan gare ta. In ba a ɗauko furen namiji an sa mata an ɗaure ba, shi ke nan, sai baɗi. Na je Aujara, na je Garki, na zaga duk lambunan Dutse. Mazan kowa ba su buɗe ba. Nawa kuma da na dasa jarirai ne."

Ya ɗaga kai sama, ta bayan kafaɗarta.

Ta waiwaya. Can ƙololuwar dabinon Inna, tsakanin ganyayyaki, manyan kube sun kumbura, wasu har sun tsage. Ta sha ganinsu duk shekara ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

"Shi kaɗai ne a garin nan yake sammako," in ji shi a hankali.

"To ka hau mana! Nawa ne, na ba ka. Ka ɗauko igiya yanzu."

"Na je wurin Baba da safe neman izini."

"Me ya ce?"

"Ya ce da na tashi mayar masa da taki ban nemi izininsa ba. Sannan ya rantse, Zulfa. Ya ce wallahi muddin yana numfashi, ba ni ba, ba ɗan aikena ba, ba wanda zai hau bishiyar nan saboda ni."

Hawaye ya zubo mata ba sallama. "Iska fa? Ba ka ce iska ma na kai garin furen ba?"

"Iskar bana daga gabas take zuwa. Ta kaina take bi ta same shi, ta kwashe ta yi yamma da shi." Ya kama ƙayar shingen bai ma ji tana sukarsa ba. "Kullum da safe ina tsaye a nan ina kallon rabona yana tafiya gonar wasu."

"Ka hau ba da saninsa ba," ta faɗa cikin kuka. "Wa zai gani?"

"Allah zai gani. Kuma ni na ja ruwan nan, ni ya kamata ya doka. Na riga na ɓata wa dattijo sau ɗaya da gangancina, ba zan sa rantsuwarsa ta karye a hannuna ba. In na same ki ta wannan hanya, da wane ido zan riƙa gaishe shi?"

"Ni kuma fa? Da wane ido zan kalli wani in ba kai ba?"

Suka tsaya shinge a tsakaninsu, ita tana kuka a fili, shi yana haɗiye nasa, bayansa kuma ruwa na ta ɗiga a gindin bishiyoyin da ba su san abin da ake ciki ba.

"Zulfa!" Gwaggo ta ƙwala kira. "Rana ta yi sanyi, ki zo mu tafi kafin a sa mu a bakin duniya."

* * *

Bayan sallar magariba ta sami babanta a tsakar gida a kan buzu, yana jan carbi. Ta durƙusa gefe.

"Baba, don Allah..."

"Na san abin da ya kawo ki. Na riga na rantse."

"Baba, ai akwai kaffara."

Ya ɗago ya dube ta. "Yanzu ke za ki koya mini addini? Don kin riƙe alli? Yaron da ya kunyata ni gaban sa'o'ina, shi zan yi wa azumi?"

Gwaggo da ke tankaɗe a bakin madafa ta saka baki. "Yaya, rabu da ita. Ni na rasa abin da aka ba ta ta ci. Ga mutum da mota, da gida na bulo, ya ce ma ba zai hana ta koyarwa ba. Ita kuma ta nace wa mai wasa da kashin kaji. Ke in ban da abinki, so ake zubawa a tukunya?"

"Gwaggo, ni shi zuciyata ta kwanta da shi."

"Zuciya! Mu da aka yi mana aure muka zauna, ba mu da ita ne?"

Malam Ahmadu ya ɗaga hannu, Gwaggo ta ja bakinta. Ya sassauta murya. "Zulfa'u, ba ƙin ki nake ba. Ke kaɗai marigayiya ta bar mini. Tsoro nake ki je inda za a ba ki gwaiba a ce kin ci abinci. Kuma maganar gayaunar nan, Alhaji ya sake turowa yau. Ko ba aure, haya ce mai tsoka. Itacen nan ba 'ya'ya, ba inuwar kirki, sai tsayi. Har yaushe za ki riƙa gadin abin da bai taɓa amfanar kowa ba?"

Ta sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a bayan hannunta, amma hankalinta ya bar tsakar gidan. Ta ga Inna da tulu a ka, tana tafe a hanyar gayauna, tana waiwayowa tana ce mata ta yi sauri. Ta ga ranar da Inna ta ɗaga ta sama don ta taɓa ganyen dabinon, lokacin bai yi nisa ba. Yanzu ya yi nisan da ko namiji sai da igiya. Mace kuwa, sai dai in shi ne ya sauko ya same ta.

Nan take dabara ta faɗo mata.

Ta daɗe a haka, har Gwaggo ta ce ko barci ta yi. Sannan ta share fuska da gefen mayafi.

"Baba, na yarda a sare shi."

Rariyar hannun Gwaggo ta kusa suɓucewa. Malam Ahmadu ya daina jan carbi.

"Me kika ce?"

"A sare. Amma ina roƙon abu biyu. A yi gobe da sassafe kafin iska ta taso. Kuma a kayar da shi a kan tarin karan nan na gefe, kar ya faɗi a kan ƙasa tsurarta."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa. "Kai, madalla! Yarinya ta dawo hayyacinta. Bari in aika wa Alhaji."

Malam Ahmadu bai ce madalla ba. Ya bi 'yarsa da kallo har ta shige ɗaki. Abin da ya daɗe yana nema ne aka ba shi, amma sai ya ji carbin ya yi masa nauyi a hannu.

* * *

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Gari na wayewa farar motar Alhaji Zailani ta tsaya a bakin titi, ya fito cikin shadda mai ƙyalli, bayansa masu gatari biyu da igiya. Ya gaida Malam Ahmadu da fara'a har kunne, ya juya ga Zulfa.

"Malama, Allah ya yi miki albarka. Na san akwai ranar da za ki gane mai ƙaunarki. Shagon nan sunanki zan rubuta a goshinsa."

Ta gaishe shi ba ta ɗago ba. Faifai ne a hannunta, da 'yar wuƙar yankan kuɓewa a ƙarƙashin mayafi. Ba wanda ya tambaye ta na mene ne.

Labari ya riga ya tsallaka shinge. Musaddiq na tsaye can nesa a bakin gonarsa, hannuwansa a sake. Tazarar ba ta hana ta ganin fuskarsa ba. Fuskar mutumin da aka gaya wa cewa budurwarsa ta ba abokin takararsa fili, kuma ta ba da umarnin a sare bishiyar da ta rage masa. Ta so ta ƙwala masa kira ta ce ya yi haƙuri, ya jira. Ba hali. Ta kawar da kai, shi kuma ya ɗauki kawar da kan nan a matsayin amsa, ya juya ya shige cikin mangwaro.

Wannan ya fi mata zafi fiye da saran farko.

Ta matsa ta dafa jikin dabinon, ta kai bakinta kusa da shi kamar mai raɗa. "Inna, ki yafe mini."

Aka fara sara. Kowane bugu sai ta ji shi a haƙarƙarinta. Gwaggo da ta zo da shirin guɗa ta ja mayafi ta rufe baki, don ita ma ta san hannun da ya binne ƙwallon. Malam Ahmadu ya juya baya yana kallon titi, wai motoci yake gani.

Dabinon ya yi wata 'yar ƙara. Ya tsaya jim kamar mai shawara, ganyensa na rawa a sararin da ya saba. Masu igiya suka ja. Ya karkato a hankali, a hankali, sannan ya zo gaba ɗaya ya kwanta a kan tarin karan.

Wani farin gari mai laushi ya tashi daga kansa, ya tsaya a iska, hasken safiya ya ratsa shi ya koma ruwan zinariya. Ƙamshi ya cika gayaunar, wani ƙamshi da duk shekarun nan yake can sama ba wanda ya taɓa shaƙarsa sai tsuntsaye. Ya sauka a kan shaddar Alhaji, a kan hular Malam Ahmadu, a kan girar Zulfa da ta jiƙe.

Ita ce ta fara motsi. Ta taka har kan bishiyar, ta durƙusa tsakanin ganyayyaki, ƙaya na yagar mata hannu, ta fito da wuƙarta. Ta yanko kuben farko ta kwantar a faifai kamar mai kwantar da jariri. Ta yanko na biyu, ta yanko na gaba. Karan ya tare su, ko ɗaya bai fashe ba.

"Malama, me za ki yi da wannan shara?" in ji Alhaji yana karkaɗe riga. Bai rufe baki ba idonsa ya kai gabas, kan fararen furannin da ke leƙowa ta bayan shinge. Fara'arsa ta ɗauke. "Baba Malam! Kana ganin abin da ake yi kuwa? Ai wannan yaudara ce!"

Malam Ahmadu ya juyo. Ya dubi faifan, ya dubi kututturen da ke tsiyayar ruwa, ya dubi 'yarsa.

Zulfa ta taso da faifan a hannu biyu, ta zo ta zube a gabansa.

"Baba, ba wanda ya hau. Rantsuwarka na nan yadda ka yi ta. Ban kuma ce zan kai masa ba sai da izininka. In ka ce in zubar, yanzu zan zubar a gabanka. Alhaji kuma ya yi haƙuri, itace na ce a sare, ban ce na ba da kaina ba." Kuka ya ci ƙarfinta, ta yi ta kokawa da shi kafin ta ƙarasa. "Inna ta ce kowane bawa da ranarsa. Ni dai na ga kamar yau ce tasa."

Dattijon ya tsura wa faifan ido. Shi ne ya sayo dabinon da aka raba ranar ɗaurin auren nan. Shi ne kuma ya fi kowa yi wa marigayiya dariya ranar da itacen ya fito namiji, ita kuwa ta harare shi ta ci gaba da zuba ruwanta. Yau ga 'yarta ta kayar da abin da ta fi so a duniya don kar maganar ubanta ta faɗi ƙasa.

Ganyen zogale ya fara kaɗawa. Iska ta soma tasowa.

"Kawo," in ji shi.

Ta miƙa masa, ta runtse ido, tana jiran ta ji ƙarar faifan a ƙasa.

Ba ta ji ba. Da ta buɗe ido sai ta ga ya ja hannun babbar rigarsa ya lulluɓe furen, ya juya wa iskar kafaɗa, ya nufi gabas da ɗan saurinsa na tsufa. Alhaji na kira, "Baba Malam! Baba Malam!" Ko waiwaye bai yi ba.

A bakin shinge ya tsaya ya ɗaga murya.

"Kai, yaro!"

Musaddiq ya fito daga cikin mangwaro da jajayen idanu. Da ya ga wanda ke kiransa sai ya zube a ƙasa.

Malam Ahmadu ya yaye hannun rigar, ya miƙa faifan ta saman ƙaya.

"Sharaɗina na nan, sai na ga 'ya'ya da idona. Amma ga wannan." Ya ɗaure fuska tamau, sai dai muryarsa ta ƙi ba shi haɗin kai. "Ko shi ma dawo mini da shi za ka yi?"

Musaddiq ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Ya buɗe baki zai yi godiya, kuka ya riga shi.

"Tashi ka ba ni wuri, iska na kwashe maka," in ji dattijon. "Ka fara da waccan ta gefe, ta fi buɗewa."

Zulfa na zaune a kan kututturen Inna, tafin hannunta duk farin gari da jini. Ta ɗaga kai inda ta saba ganin ganye, ba komai sai sarari fetal. Ta fashe da kuka mai sauti. Gwaggo Zinariya ta ajiye ƙwaryarta ta zo ta zauna kusa da ita, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗa.

Can bayan shinge, ta cikin hawaye, tana hango Musaddiq ya sa silin farko a cikin furen, babanta kuma ya riƙe masa zaren ɗauri.